A Sauke Akwatin, A Bar Mana Makaɗin

Tafiyar da ke tsakanin birnin Katsina da birnin Maraɗi ba ta kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya ake yi a ɓangarorin biyu, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna, kuma har gobe ana kiran sarkin Maraɗi da Sarkin Katsina, domin zuriyar sarakunan Haɓe da suka bar Katsina bayan jihadi su ne suka kafa garin a farkon ƙarni na 19. Duk mai halartar bukukuwa a wannan yanki ya san mawaƙan Kano da Katsina kan bi ta Magamar Jibia su tsallaka zuwa Ɗan Isa, su je su cashe a Maraɗi su dawo. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne abin da suke tsallakawa da shi. Galibi ɗan filash ne a aljihu, ko waya mai ɗauke da kiɗan da aka haɗa a situdiyo. Mawaƙi ya hau dandali, mai kula da sauti ya danna, shi kuma ya bi da baki. Mai jita da mai ganga da mai jitar bes, idan ma akwai su, an bar su a gida.

Akwai bayanin da aka saba bayarwa game da wannan hali, wato cewa kwamfuta ce ta kashe kiɗan hannu. Masu wannan ra'ayi suna kallon duk wata na'urar dijital a matsayin abokiyar gaba, har da ƙananan na'urorin nan da suka fito domin maye gurbin amfilifaya da manyan akwatunan sifika na jitar bes. Ni kuwa ina ganin sun yi kuskuren gane maƙiyinsu. Abin da ya hana ƙungiyar makaɗa tsallaka Jibia nauyin kaya ne, da kuɗin mota, da shingayen hanya, da man janareta. Ƙaramar na'urar da suke raina ita ce dama mafi kusa da muke da ita ta mayar da makaɗi mai rai bisa dandali, kuma duk wanda ke ƙaunar kiɗan hannu da gaske ya kamata ya kasance a sahun gaba wajen karɓar ta.

Abin da mai jitar bes yake ɗauka

Jitar bes ita ce mai igiya huɗu masu kauri, wadda sautinta ke zama ƙasa-ƙasa, a ji shi a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Aikinta shi ne ta ɗaure ganga da sauran kayan kiɗa wuri guda. Kamfanin Fender na Amurka ya fito da ita kasuwa a 1951, kuma tun ranar farko ta zo da matsalarta: idan ba a jona ta da lantarki ba, da kyar wanda ke zaune kusa da mai kaɗa ta zai ji ta. Igiyarta mafi kauri tana girgiza sau 41 kacal a daƙiƙa ɗaya, kuma zangon igiyar sautin da take fitarwa a iska ya ɗara mita 8. Sautin da ya kai wannan zurfi ba ya fita sai an tura iska mai yawa, iska mai yawa kuwa sai da babban sifika da ƙarfin lantarki mai yawa. Wannan ne ya sa a kowace ƙungiya kayan mai bes suka fi na kowa nauyi.

Misalin da ya fi shahara shi ne Ampeg SVT, wanda ya fito a 1969 da ƙarfin wat 300. Amfilifayar kaɗai ta haura kilo 35, akwatin da ake ɗora ta a kai mai sifika takwas ya haura kilo 60, har makaɗan Turai da Amurka suna yi masa laƙabi da firji. A cikinta akwai kwalaben wuta irin na tsofaffin rediyo, masu zafi, masu saurin lalacewa idan sun sha jijjiga, waɗanda a yau masana'antu ƙalilan ne suke ƙera su a Rasha da Sulobakiya da Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, har makaɗan Amurka sai da suka sha wahalar samun su.

Ba lallai ba ne a sami irin wannan a Katsina ko Maraɗi. Abin da makaɗanmu suka fi ja shi ne amfilifaya ta hannu wadda ta sha duniya kafin ta iso, da akwatunan katako da kafinta ya haɗa aka dasa musu sifika. Sai dai nauyin bai ragu ba, sau da yawa ma ya fi, domin katakon gida ya fi kauri. Idan aka haɗa da ganguna da miksa da wayoyi da janareta, ƙungiya mai mutum biyar ba ta motsawa sai da a-kori-kura guda, ban da motar da za ta ɗauki mutanen.

Hanyar Jibia

Yanzu a ɗora wannan kaya a kan hanyar Katsina zuwa Jibia. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Da aka buɗe wasu a Disambar 2020, irin su Illela da Maigatari, Jibia ba ta cikinsu, sai a Afrilun 2022 aka ba da umarnin buɗe ta. Ba a daɗe ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame iyakar har zuwa watan Maris na 2024. A cikin wannan tsakani Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, Maraɗi kuwa tana cikin garuruwan da suka dogara da wannan wuta. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba 'yan yankin damar zirga-zirga ba tare da biza ba. Wato a cikin shekaru kaɗan, duk sana'ar da ta dogara da ratsa wannan iyaka da kaya masu yawa ta koyi cewa ƙofa tana iya rufewa a kowane lokaci.

Ko a lokacin da iyaka take a buɗe, akwai bambanci babba tsakanin matafiyi da mai haja. Mutumin da ya rataya jita a baya ya riƙe jaka a hannu matafiyi ne, a duba takardunsa ya wuce. Motar da aka laƙe da akwatunan lantarki kuwa tana jawo tambaya, kuma tambayar halattacciya ce: na sayarwa ne ko na aiki, ina shaidar za a dawo da su, wa ya biya musu haraji? Jami'in kwastan a wannan ɓangare da na duwan a wancan suna da hurumin yin ta. A ƙara da shingayen tsaro da 'yan kasuwa da direbobi suka daɗe suna kokawa da yawansu a wannan hanya, a ƙara da matsalar 'yan bindiga da ta sa ba mai son dare ya riske shi a yankin da mota mai nauyi. Sannan ga fetur, wanda litarsa ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ta kuma haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024.

Uban biki a Maraɗi da ke son mawaƙi daga Kano ba sai ya yi dogon lissafi ba. A gefe ɗaya mutum ɗaya da filash ɗinsa a kujerar mota, a ɗaya gefen mutum biyar da motar kaya da 'yan dako da man janareta da fargabar a tsayar da su a hanya har biki ya watse. Zai zaɓi na farko ko da kuwa shi ma ya fi son kiɗan hannu. Waɗanda ke ɗora laifin a kan kwamfuta sun zama kamar zomo, wanda ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Yadda ƙaramar na'urar take aiki

Amfilifaya tana yin aiki biyu ne a lokaci guda. Na farko, tana ƙara wa sauti ƙarfi. Na biyu, tana ba shi launi: ta ɗan danne shi idan an ja igiya da ƙarfi, ta ɗan ƙara masa kaushi, ta ɗaga wani sashe ta kwantar da wani. Akwatin sifika ma yana ƙara nasa launin gwargwadon girmansa da katakonsa. Wannan launi shi ne abin da makaɗa ke ƙauna a tsofaffin kaya, kuma shi ne abin da injiniyoyi suka gano ana iya lissafa shi.

Na'urar kwaikwayo tana karɓar siginar da ke fitowa daga jita ta auna ta sau dubbai a daƙiƙa, galibi sau 48,000 ko fiye, ta mayar da ita lambobi. Daga nan wata ƙaramar kwamfuta a cikinta ta bi lambobin da lissafin da ke kwaikwayon abin da kowane sashe na amfilifayar asali zai yi wa wannan sigina. Launin akwatin sifika kuwa ana kama shi ne ta hanyar aika ɗan gajeren sauti ta cikin akwatin gaske, a naɗi yadda ya amsa da makirufo, a adana amsar a matsayin fayil. Duk sautin da aka bi da shi ta cikin wannan fayil zai fito kamar ya ratsa wancan akwati. A ƙarshe a mayar da lambobin sauti, a tura shi kai tsaye zuwa miksa ta waya ɗaya. Duk wannan yana faruwa cikin kashi biyu ko uku cikin dubu na daƙiƙa, wanda bai wuce jinkirin da kunne ke samu ba idan mutum ya tsaya mita ɗaya daga sifikarsa.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Line 6 ya fito da POD a 1998. A 2011 kamfanin Kemper na Jamus ya zo da hanyar da na'ura za ta saurari wata amfilifaya takamaimiya ta kwafi halinta. Daga baya Neural DSP na ƙasar Finlan ya shigo da Quad Cortex mai amfani da fasahar koyon na'ura, wadda nauyinta bai kai kilo 2 ba. HX Stomp ta Line 6 ba ta kai kilo 1 ba. Zoom B1 Four, wadda aka yi musamman domin bes, tana aiki da batiri huɗu irin na tocila. Wutar da irin waɗannan na'urori ke ja ba ta kai ta kwan fitila ɗaya irin na da ba, ƙaramin batirin sola ma yana riƙe su dare guda. Abin da a da yake cin rabin bayan a-kori-kura yanzu yana shiga aljihun jakar jita.

Ga masu cewa ba sautin gaske ba ne

Hujjar farko da ake kawowa ita ce sautin na'ura na jabu ne, na gaske sai daga akwati. Tarihin jitar bes ɗin kansa bai goyi bayan wannan magana ba. James Jamerson, wanda da yawa ke ɗauka shi ne gwanin gwanayen bes, ya kaɗa a waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Ditiroit a shekarun 1960, kuma galibi ana jona jitarsa ne kai tsaye da teburin naɗar sauti ba tare da an sa wa wani akwati makirufo ba. A manyan wasanni ma, abin da dubban 'yan kallo ke ji yana fitowa ne daga manyan lasifikokin filin, akwatin da ke bayan makaɗi shi da abokan kiɗansa kawai yake yi wa aiki. Geddy Lee na ƙungiyar Rush ta Kanada ya fito da wannan gaskiya fili cikin raha. Da ya koma tura sautinsa kai tsaye zuwa miksa, sai ya jera injinan busar da tufafi a inda akwatunansa suke a rangadin 2002, a na 2007 kuma ya jera injinan gasa kaji. Filaye suka ci gaba da cika.

Saboda haka idan aka tsananta bincike, abin da ake karewa a nan ganin ido ne. Mun saba auna girman biki da tsawon bangon sifikun da aka jera, kamar yadda muke auna shi da yawan motoci da tsadar anko. Mai sana'ar sauti ya san haka, shi ya sa yake tara akwatuna har da waɗanda ba a jona su da komai ba. Makaɗin da ya zo da 'yar na'ura a jaka sai a ga kamar bai kai ba, ko uban biki ya nemi ragi domin bai ga kaya ba. Wannan ɗabi'a ce ta masu biya, kuma mu masu karanta irin wannan shafi muna cikin masu biyan. Bahaushe ya riga ya yanke hukunci a kan wannan tun da daɗewa da ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin mamaki shi ne a ce wai al'ada ake karewa. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya da kuntigi, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yin ƙoƙonsa da gwangwanin kifi. Haruna Uji da gurminsa, Hassan Wayam da kukumarsa, duk abin da suke kaɗawa yana shiga ƙarƙashin hammata. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya ratsa ƙasashe da makaɗan da kowannensu ke rataye da kalangunsa. Kiɗan Hausa kiɗan matafiya ne, na masu bin sarakuna da kasuwanni da bukukuwa daga gari zuwa gari, kuma an ƙera kayansa ne daidai da abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Bangon akwatuna baƙo ne da ya zo jiya. Makaɗin da ya rage kayansa zuwa abin da zai rataya ya fi kusa da hanyar magabata fiye da mai jiran motar kaya.

Cire akwati daban, cire mutum daban

Masu tsoron dijital suna da dalilin tsoronsu, kuma ya kamata a faɗe shi da adalci. Sun ga abin da ya faru a Kano. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan yadda fiyanon Yamaha samfurin PSR ya sauya kiɗan fina-finan Hausa tun daga ƙarshen shekarun 1990. Mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki ya zama shi ne mai ganga, shi ne mai sarewa, shi ne mai bes da hannun hagunsa. Daga baya manhajojin kwamfuta suka karɓi aikin. An sami waƙoƙi masu daɗi ta wannan hanya, an kuma sami masana'antar da ta ciyar da dubban matasa. Amma an yi asara guda: tsara guda ta taso ba ta ga amfanin koyon kaɗa wani abu da hannu ba, domin ba mai ɗaukar ta aiki. Layin da Bala Miller ya ja a Kaduna, na rera waƙar Hausa da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, bai sami magada da yawa ba. Masu kaɗa bes da suka rage a Arewa an fi samun su a majami'u da otal-otal da ƙungiyoyin badujala.

Sai dai fiyanon situdiyo da na'urar kwaikwayon amfilifaya abubuwa ne biyu masu aiki saɓanin juna, ko da yake dukansu dijital ne. Fiyanon ya ɗauki aikin makaɗi. Na'urar kwaikwayo kuwa aikin akwati kawai ta ɗauka, kuma ba ta fitar da ko da ƙwayar sauti sai yatsun ɗan'adam sun taɓa igiya. Idan makaɗi ya yi jinkiri za a ji, idan ya yi kuskure za a ji, idan amarya ta shigo fili ya ga ya kamata a ja kiɗan a ƙara masa zafi, zai iya, abin da filash ba zai taɓa iyawa ba. Wanda ya haɗa su biyun a kwando ɗaya ya ƙi su, ya taimaka wa filash ne ba tare da ya sani ba, domin ya bar wa uban biki zaɓi biyu kacal: motar kaya ko mutum ɗaya mai motsa baki.

A duba ƙetaren iyaka a ga abin da muke rasawa. Nijar ta riƙe al'adar kiɗan jita da rai. Tal National ta Yamai, wadda ke rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, ta yi suna da wasan sa'o'i masu yawa a dare ɗaya. Etran de l'Aïr ta Agadas ƙungiyar bukukuwan aure ce tun 1995 kafin duniya ta san ta. An tsayar da Bombino takarar kyautar Grammy a 2019. Mdou Moctar kuwa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da salon situdiyon Hausa na wancan lokaci, kuma ta memorin waya waƙoƙin suka yaɗu a Sahara kafin kamfanin Sahel Sounds ya kai su Amurka. Fasahar situdiyonmu ce ta fara fito da shi, bai kuma ajiye jitarsa saboda ita ba. Waɗannan makaɗa suna zuwa Turai da Amurka, amma sau nawa aka gan su a Katsina ko Kano, inda ake jin harshen da wasunsu ke rera waƙa da shi? Duk abin da zai rage wahalar ratsa Jibia da kayan kiɗa, riba ce ga ɓangarorin biyu.

Inda masu suka suke da gaskiya

Akwai abubuwa uku da mai tallan na'ura ba zai gaya muku ba. Na farko, lissafi yana kwaikwayon launin sauti amma ba ya tura iska. Waccan igiyar sauti mai mita 8 tana nan, kuma dole wani sifika ya fitar da ita. A Turai kowane zauren wasa yana da kayan sautinsa na dindindin, makaɗi ya zo ya jona kawai. A filin biki a Jibia ko Madarumfa babu wannan tabbaci. Amma a lura da abin da wannan ke nufi: kowane gari mai girma a yankin yana da masu ba da hayar kayan sauti, su ne ma suke yi wa mai filash aiki. Nauyin yana nan a garin da za a yi wasa, ba sai an ɗauko shi daga Kano an ratsa iyaka da shi ba. Abin da ake buƙata shi ne masu hayar su tanadi wufa mai kyau, da sifikar da makaɗa za su riƙa jin kansu, da mutumin da ya iya miksa.

Na biyu shi ne gyara. Tsohuwar amfilifaya idan ta ƙone, mai gyaran rediyo zai buɗe ta ya sauya abin da ya lalace. Na'urar dijital idan wutar janareta ta buge ta, sau da yawa ta tafi kenan. Maganin wannan shi ne kada a jona ta kai tsaye da janareta, a bi ta batiri ko sitabilaiza, a kuma riƙe ɗan akwatin jona jita da miksa kai tsaye a matsayin madadi, wanda ba shi da tsada kuma ba ya cika lalacewa. Ban da haka, matasan da suka koyi gyaran ƙwaƙwalwar waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ba za su gagara koyon wannan ba idan kasuwarsa ta samu.

Na uku shi ne kuɗi. Manyan na'urorin sun haura dala 1,500, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Makaɗin biki ba zai iya wannan ba. Amma ƙananan, irin na Zoom da na kamfanonin Sin kamar NUX da Mooer, wasu ba su kai dala 150 ba, kuma a filin biki mai hayaniya kunne ƙalilan ne zai bambance su da manyan. Akwai ma manhajar Neural Amp Modeler da ake saukewa kyauta a kwamfuta. Idan aka lissafa kuɗin hayar motar kaya na tafiye-tafiye kaɗan, na'urar ta biya kanta.

Abin da ya rage gare mu

Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, zai kuma bi ta Daura da Katsina da Jibia. Ranar da jirgi ya fara aiki, ƙungiyar da kayanta ke shiga jaka za ta iya barin Kano da safe ta yi wasa a Maraɗi da dare. Tambayar ita ce ko za a sami makaɗan da za su hau shi.

Wannan ya dogara da masu biya. Ma'aikacin banki ko likita ko lauya da ke shirin aurar da ƙanwarsa yana iya cewa yana son makaɗa masu rai, kuma ya biya su don hannunsu, kada ya rage musu kuɗi don bai ga akwatuna ba. Masu manyan ɗakunan taro a Katsina da Kano da Maraɗi, waɗanda ke kashe maƙudan kuɗi a kan fitilu da labule, su sa kayan sauti na dindindin da injiniya a cikin lissafinsu. Mawaƙan da suka yi suna su gwada fita da mutum uku ko huɗu, tunda uzurin nauyi ya ragu. Ɗaliban injiniya da na kwamfuta a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi kuma suna da aikin da ba wani kamfanin Finlan da zai yi mana: dabarar nan ta kama amsar akwati ana amfani da ita wajen gyara sautin jitar katako da goge na Turawa idan an jona su da lantarki, kuma babu abin da ya hana a yi wa gurmi da garaya da molo da kukuma irinta, domin su ma su hau babban dandali da muryarsu ta asali.

Su kuwa dattawan sana'a da ke ganin ajiye akwati kamar sauke rawani ne, ya kamata su dubi yawan bukukuwan da aka yi bara a tsakanin Katsina da Maraɗi, su ƙirga nawa ne aka gayyace su da akwatunan nasu. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ba za a iya maye gurbinsa ba shi ne mutumin da ya shafe shekaru yana koyon inda zai sa yatsa, kuma shi ne muke bari a gida duk ranar da muka dage sai ya zo da kilo ɗari na katako a bayansa.